Sharuɗɗan Tafiya: Ga Samarin Da Ke Niyyar Ratsa Afirka Bisa Babur

Tun daga shekarar 2022, sa'ad da wani Bayarabe mai suna Kunle Adeyanju ya taso daga Landan bisa babur a watan Afirilu, ya ratso Faransa da Sifen da Maroko da Muritaniya, ya iso Legas a ƙarshen watan Mayu domin neman gudummawar yaƙi da shan inna, zancen irin wannan tafiya bai bar majalisun samari ba, har a ƙauyukan Ɗambatta da Bichi da Makoɗa, inda gona ke manne da gona, babu dajin da zai raba wani gari da wani. A nan za ka ji mai cewa shi Makka zai nufa, wani kuma ya ce sai ya ga tekun Aljeriya da idonsa. Ni dai ban ga abin zargi a cikin wannan himma ba, domin kuwa mu jikokin matafiya ne. Abin da nake tsoro shi ne a ɗauki himmar kakanni a bar tadbirinsu.

Agalawa da Tokarawa da suka riƙa fatauci daga ƙasar Kano zuwa Gwanja, suna kai kanwa da tufafi suna komowa da goro, ba su taɓa fita ɗaiɗai ba. Ayari suke ɗaurawa, da madugu wanda ya san kowane zango da kowane mafashi, da jagaba a gaba, da uban dawaki mai kula da bayan ayari, kuma ba sa tashi sai damina ta ɗauke, an shigar da gero da dawa rumbu, an tabbatar iyali ba za su roƙi maƙwabta ba. Haka alhazan ƙasa, waɗanda suka bi ta Maiduguri da Fort Lamy, wato Injamena ta yau, da Abeshe da Aljinaina da Alfashir da Al'ubayyid har Sawakin, suka yi shekaru a hanya suna tsayawa noma da dako domin sabunta guzuri, da yawansu ma ba su komo ba, zuriyarsu ce ke zaune a Mai Wurno da sauran garuruwan bakin Nilu.

Malamanmu na mazhabar Malikiyya sun yi sauƙi a sha'anin abin hawa, har suka ce wanda ke iya tafiya da ƙafa, kuma yana da sana'ar da zai ci da ita a hanya, ya sami istiɗa'a, wato ikon zuwa aikin Hajji. Amma ba su yi sassauci ko kaɗan ba a kan amincin rai da dukiya. To, da wannan ma'auni ya kamata a auna hanyoyin nan. Ta gabas, wallahi, a rufe take ga mai hankali, tun da yaƙi ya ɓarke a Sudan ranar 15 ga Afirilun 2023, ya mai da Aljinaina da Alfashir, zangunan alhazan dā, wuraren da mazaunansu ma ke gudu. Duk wanda ya zuga yaro ya bi ta nan da sunan ibada, to ya san alhakin ran nan yana wuyansa.

Ta arewa kuwa ita ce mai ruɗi, saboda kwaltar da ta ratsa Ɗambatta ta wuce Kazaure da Daura da Kongolam tana da daɗin bi, har mutum ya ɗauka haka za ta zarce. Daga Kano zuwa Damagaram tafiyar yini ce. Amma daga Damagaram zuwa Agadas akwai kilomita sama da 400, daga Agadas zuwa Arlit sama da 200, sa'an nan a shiga rairayin Assamaka, inda babu mai faci, babu mai sayar da mai a kwalba, babu inuwar da za a jingina. A watan Oktoba na 2013 mutum 92, akasarinsu mata da yara daga yankin Kance, maƙwabtanmu na ƙut da ƙut masu magana da harshenmu, suka mutu da ƙishirwa arewa da Arlit bayan motocinsu sun lalace. Motoci ke nan, ina ga Boxer ko Jincheng mai tankin da bai wuce lita goma da 'yan kai ba?

Saboda haka shawarata ga wanda ya nace ita ce ya fara da alƙiblar kakanninsa fatake, wato ya fuskanci kudu da yamma, ta Legas da Kwatano da Lome da Ankara zuwa Kumasi, inda a kowane birni akwai zango da sarkin Hausawa da masallacin da baƙo zai sauka, kuma fasfon ECOWAS ya ishe shi ba sai da biza ba, illa dai ya haɗa da katin rigakafin shawara da takardun babur da inshorar ƙetare iyaka. Nijar da Mali da Burkina Faso sun fice daga ƙungiyar a Janairun 2025, don haka mai niyyar bi ta cikinsu sai ya sake bincike a kowace iyaka. Kada matafiyan su gaza mutum uku, ɗayansu ya zama bakanike na gaske, wanda zai iya kwance kafireto a gefen hanya, ya wanke ta da fetur a cikin murfin jarka, ya mayar da ita kafin rana ta faɗi. Kuma a buhunsu a sami sarƙa da filogi da tiyub da wayar kulochi da baƙin mai, domin waɗannan ƙananan abubuwa su ke tsayar da tafiya, ba manyan ba. Tafiyar dare kuwa su haramta wa kansu ita.

Sai dai akwai hisabin da ya riga duk wannan, wanda samari ba sa son a ambata. A karkararmu babur ba kayan ado ba ne: shi ke kai taki gona, shi ke ɗauko buhun gyaɗa zuwa kasuwa, shi ke kai mai naƙuda asibiti cikin dare, sau da yawa kuma da kuɗin sa ko na gonar gado aka saye shi. Tun da aka janye tallafin mai a watan Mayun 2023, kuɗin fetur na irin wannan tafiya kaɗai na iya cinye amfanin gonar gida guda. Wanda zai tafi da babur ɗin gandu wata uku, wajibi ne ya zauna da mahaifinsa da 'yan'uwansa, a yarda, a san wanda zai ɗauki nauyin da ya bari, ya biya basussukansa, ya rubuta wasiyya, ya kuma tsayar da ranar komowa kafin ruwan shuka, domin gonar da ba a yi wa sharar rani da taki ba, babu labarin Kumasi ko na Dakar da zai cika mata rumbu.