Kafin a sayo sabon jirgi, a faɗa mana wa ya ci tsohon

Jama'a, tun da ministocin Nijar da Mali da Burkina Faso suka ba da shawarar kafa kamfanin jiragen sama na haɗin gwiwa a taronsu na Bamako cikin 2023, maroƙa suka ɗauki ganga. Ni kuwa da na yi shekaru ina yanka wa fasinjoji tikiti a birnin Yamai, kafin in dawo gida Birnin Ƙonni, hankalina bai kwanta ba. Mun taɓa haihuwar irin wannan ɗa, kuma da hannunmu muka binne shi.

Ran 28 ga Maris 1961, ƙasashe 11, har da Nijar ta Diori Hamani, suka sa hannu a Yawunde aka kafa Air Afrique, hedkwatarsa a Abijan. Duk wanda ya ga jirgin nan mai launin fari da kore ya sauka Paris ko Jidda, ya san abin da ake kira alfahari. Cikin 2002 aka rufe shi, yana da ma'aikata sama da 4000, jiragensa kuwa ba su kai 10 ba.

In ka tambayi manyanmu, amsarsu guda ce: Bature ne. Za su tuna maka da Bafaranshe Yves Roland-Billecart da aka damƙa wa kamfanin a 1989. Za su kawo karyewar darajar kuɗin sefa ta Janairun 1994, wadda ta ninka bashin da ake biya da kuɗin waje cikin dare guda. Za su ce masu bin bashi sun ƙwace jiragen Airbus huɗu a 1998. Duk gaskiya ne. Amma in ɓera na da sata, daddawa ma na da wari. Me ya sa tun farko aka nemo Bature? Ai mara lafiya ake kira wa likita. Gwamnatocin da suka mallaki kamfanin su ne manyan masu cin bashinsa, kowace ƙasa kuma sai an ba ta kasonta na kujerun aiki, ko da aikin ko babu. Kamaru ta ga haka da nata ƙorafin, ta fice tun 1971.

Bari in faɗi abin da idona ya gani a kamfanin da na yi wa aiki, ba sai na kama suna ba. Wani dattijo ya sayar da albasarsa ta Galmi, ya yi tafiyar kilomita sama da 400 zuwa Yamai, ya ƙirga kuɗinsa lakadan a gabana don zuwa Abijan. Ana saura awa guda a tashi, sai ga takardar bon daga wani babban ofishi: kujeru biyar, na uwargida da yara. Da bakina na ce wa dattijon jirgi ya cika. Bai zage ni ba. Cewa ya yi: "Yaro, ashe kuɗina ba kuɗi ba ne?" Ya naɗe tabarmarsa ya koma bakin ƙofa. Takardar nan kuwa, har na bar aiki tana cikin durowa ba a biya ta ba.

Ku ƴan kasuwar Ƙonni da Illela, wane kanti ne zai kai shekara in mai shi da matansa da surukansa suna ɗiba ba su rubutawa, a kuma kori mai tsabar kuɗi don a sallame su? Ku ma'aikatan gwamnati da kuka sha jiran albashi wata da watanni a shekarun 1990, baitulmalin da ya kasa biyanku, da me zai biya tikitin manya?

Kada a ce baƙar fata ba ya iya riƙon jirgi. Kamfanin Ethiopian Airlines na gwamnatin Habasha ne, an kafa shi tun 1945, ya ga mulkin sarki, ya ga na soja, ya ga yaƙi, yana nan yana tashi, har shi ne ya tallafa aka buɗe Asky a Lome cikin 2010. Sirrinsa ba laya ba ce: an bar masu sana'a su yi sana'arsu.

Saboda haka muna neman abu uku kafin a taɓa ko dala ta talaka. Kowa ya biya kafin ya hau, ko minista ne. A ɗauki ma'aikaci da jarrabawa, ba da wasiƙar kawu ba. A buga lissafin kamfanin kowace shekara a jarida, manomin Malbaza ya ji inda harajinsa ya shiga. Wanda ya ƙi waɗannan sharuɗɗa ba jirgi yake nema wa ƙasa ba, motar gidansa yake so mu sa wa fukafukai.

Wanda bai ji bari ba, zai ji hoho.