Yadda ake kama furotin riƙe da kitse

Da an ambaci kitse, hankalin jama'a sai ya tafi kan tumbi da hawan jini. Alhali kowace ƙwayar halitta a jikin mutum da bangon maiƙo aka kewaye ta, wasu nau'o'in maiƙon ma saƙo suke kai wa furotin. A 1971 John Vane ya nuna cewa aspirin yana rage zogi ne ta hanyar hana jiki juya wani maiƙo zuwa sinadaran kumburi.

Gane wane maiƙo ke hulɗa da wane furotin shi ne jan aikin. Riƙon nasu sako-sako ne, da an fasa ƙwayar sun rabu. Furotin mai ƙyallin kore da masana ke liƙa wa abu don bin sawunsa kuwa ya ninka maiƙon kolestarol nauyi kusan sau 70, tamkar a ɗora wa ɗan tsako buhun gero.

Sai masana kimiyyar sinadarai suka ƙera maiƙon bogi mai ƙananan makamai biyu. Na farko, diyazirin, yana nan shiru har a haska masa hasken ultrabayolet, nan take ya manne wa furotin ɗin da ke kusa. Na biyu mariƙi ne da ake jawo su da shi daga baya, ta dabarar haɗa sinadarai da ta samar wa Carolyn Bertozzi da Morten Meldal da Barry Sharpless kyautar Nobel a 2022. Da wannan hanya ɗakin binciken Benjamin Cravatt a cibiyar Scripps ta Kalifoniya ya gano furotin fiye da 250 masu hulɗa da kolestarol a 2013.

Masu cewa irin wannan bincike ɓarnar kuɗi ce tunda ba a ga magani a kanti ba sun yi gaggawa. Cutar gado ta Niemann-Pick nau'in C, mai lalata ƙwaƙwalwar yara, tushenta furotin ne da ya kasa fitar da kolestarol daga wani lungun ƙwaya. Mai neman maganinta dole ya san wa ke riƙe wa.

Sai dai jerin sunayen furotin da aka gano ba hujja ba ce. Maiƙon bogi ba na asali ba ne, ƙwaya tana iya sarrafa shi ya zama wani abu, kuma yana iya manne wa furotin ɗin da wucewa kawai yake yi. Shi ya sa masu binciken kirki ke maimaita gwajin bayan sun zuba maiƙon asali mai yawa: in ya ture na bogin, hulɗar ta fi kama da gaskiya.