FILIN SANA'A: In ƙafar mota ta karkace bayan gyara

Ranar kasuwa, a hanyoyin Maradi, Damagaram da Tawa, har yanzu ana gamuwa da tsohuwar Peugeot 404, wadda ake ce wa kat-san-kat. An soma ƙera ta a Faransa a shekarar 1960. A 1975 aka buɗe masana'antar haɗa Peugeot a Kaduna. Mota ce mai haƙuri. Tana ɗaukar hatsi da albasa da awaki da mutane. Amma tsufa da ramukan hanya suna cinye mata ƙafafun gaba, sai an kai ta gareji an kwance an sake kaya.

Bayan irin wannan gyara, sau da yawa ƙafa takan fito a karkace. Mai gwame, gefe guda na takalminsa yake cinyewa. Haka taya take. In saman taya ya kwanta ciki, gefen ciki ne zai cinye. In saman ya buɗe waje, gefen waje ne zai cinye. In ƙafa guda ta fi ƴar'uwarta buɗewa waje, mota za ta riƙa ja wajen nan, direba yana ta kokawa da sitiyari. Taya sabuwa sai ta mutu tun kwananta bai ƙare ba. Wata rana ta fashe da mutane a baya.

Awon ba shi da wuya. Zare da ƙaramin dutse da ma'aunin ƴan makaranta sun isa.

1. A sauke kaya duka. A tsayar da mota a daɓen siminti mai daidai. Iskar tayoyi ta zama daidai.

2. A tura mota gaba da baya, a danna gabanta sau uku ko huɗu, don sabbin kaya su zauna. A miƙe sitiyari.

3. A ɗaura dutse a zare, a sake shi kusa da tsakiyar taya, kamar yadda magini ke duba bango.

4. A auna daga zare zuwa bakin ƙarfen taya na sama, kuma a auna na ƙasa. Ƙarfe ake aunawa, ba roba ba, don roba tana kumbura daga ƙasa.

5. A tura mota har taya ta yi rabin juyi, a sake awo. In awon ya canza, ƙarfen tayar ne ya lanƙwashe.

A ƙarfen taya irin na 404, bambancin milimita 7 tsakanin sama da ƙasa shi ne digiri 1. Ƙafa mai lafiya kusan a tsaye take, samanta ya ɗan buɗe waje da milimita 3 ko 4. Ƙafar hagu da ta dama su yi kusan daidai da juna.

In awo ya nuna karkata, sai a nemi dalili. A 404 babu ƙusar da ake murɗawa karkata ta gyaru. Ke nan wani abu ne ya lalace, ko an ɗaura shi ba daidai ba. A ɗaga ƙafa, a kama ta sama da ƙasa a girgiza. In tana wasa, boris ne ko gaɓar ƙasa. A duba doguwar sandar da sifirin yake kanta, da hannun ƙarfe na ƙasa, ko sun lanƙwashe. A duba sifirin biyu. In guda sabo ne guda tsoho, mota za ta kwanta gefe. Biyu ake sakewa tare.

Akwai kuskure biyu da ake yawan yi. Na farko, ɗaure ƙusoshin robobi tamau mota tana rataye. Sai ta sauka ta zauna bisa ƙafafunta ake ƙarasa ɗaure su, in ba haka ba roba ta murɗe ta yage. Na biyu, gasa ƙarfen da ya lanƙwashe a wuta a miƙe shi da guduma. Wuta tana rage masa ƙarfi, yana iya karyewa ana cikin gudu. A sake shi da mai kyau.

Daga ƙarshe a auna tsakanin tayoyin gaba biyu, ta gaba da ta baya. Gaban ya fi bayan matsewa da kamar milimita 2. Wannan kam ana gyara shi a sandar sitiyari.

Mai amalanke ma zancen ya shafe shi. Lodi ya yi yawa, gindin ƙarfe ya lanƙwashe, saman tayoyi ya kwanta ciki, jaki ya sha wuya. Zaren nan zai nuna masa.

Mai mota ya tsaya a yi awo a gabansa kafin ya biya makanike. Gyara kayanka ba ya zama sauke mu raba.