Wa Ke Riƙe Da Mudun Iska?

'Yan'uwa, kowa ya san abin da ke faruwa a kasuwar hatsi in aka bar mai sayarwa shi kaɗai da mudunsa. To, iskar da muke shaƙa ma tana da nata masu awo, kuma aikinsu ya shafe mu.

Can sama akwai wata shimfiɗar iska mai suna ozon, wadda ke tare mugun hasken rana mai kawo ciwon dajin fata da yanar ido. A 1985 masanan Ingila masu awo a tashar Halley, a ƙasar ƙanƙara ta Antatika, suka sanar cewa ta sirance ƙwarai a can. Sinadaran CFC na firiji da gwangwanin feshi ne ke cin ta. Ƙasashe suka sa hannu a yarjejeniyar Montreal a 1987, zuwa 2010 kuma an haramta yin su a ko'ina.

Amma sa hannu daban, cika alkawari daban. A 2018 masanan hukumar NOAA ta Amurka suka lura cewa ɗaya daga cikinsu, CFC-11, ba ya raguwa a sama yadda lissafi ya nuna. Ashe wasu na yin sa a ɓoye. Tashoshin awo na tsibirin Jeju a Koriya ta Kudu da Hateruma a Japan suka bi sawun iska har gabashin ƙasar Sin, inda ake sa shi cikin soson da ake liƙa wa gine-gine. Hukumomin Sin suka tashi tsaye, awon 2019 kuwa ya nuna abin ya faɗi sosai. Ba ɗan sanda ne ya fara tona asirin nan ba, na'ura ce.

Haka ake auna iskar kabon mai ɗumama duniya. A dutsen Mauna Loa na Hawai, Charles Keeling ya fara a 1958, ya sami kimanin kashi 315 cikin miliyan. A 2013 ta kai 400, a 2024 ta wuce 420.

Abin da ya dame ni shi ne, a 2025 gwamnatin Amurka ta gabatar da kasafin da ya nemi rufe sashen binciken NOAA mai riƙe da tashar nan. A ganina wannan ganganci ne, domin shekarar da ba a auna ba ta wuce ke nan, ba mai komawa ya auna ta. Ga shi a Afirka irin tashoshin nan 'yan ƙalilan ne, kamar Assekrem ta Aljeriya da ta Dutsen Kenya, alhali manomanmu na cikin waɗanda sauyin damina ke fara taɓawa.