Kura da Shan Bugu: Wa Ke Biyan Tikitin da Ake Kira Kyauta?

'Yan'uwa ɗalibai, wani sabon wa'azi ya shigo mana ta wayoyin hannu, masu yinsa kuwa galibinsu namu ne da suka haye Amurka neman ilmi ko neman abinci. Za ka ga mutum ya miƙe ƙafa a wani ɗaki mai sanyi a filin jirgin sama, ga faranti, ga kofin shayi, ga kuma wani kati mai ƙyalli an ajiye shi daidai inda ido zai faɗa. Sa'an nan ya rubuta cewa tun ranar da ya jefar da tsohon katinsa na bashi ya koma babban kati, bai sake sayen tikitin jirgi da guminsa ba. Wai banki ke ba shi maki a kan kowace dala da ya kashe, makin nan kuma su ke kai shi Dubai da Landan kyauta. Ƙarshen wa'azin shi ne, wanda bai yi haka ba bai waye ba.

Mu ba mu ƙi wayewa ba, don ita ta kawo mu jami'a. Amma mun tashi a inda ake cewa banza ba ta kai zomo kasuwa. Duk wanda aka taɓa aike sayen gero ya san mai awo yakan ƙara ɗan gyara a kan mudu, ya kuma san cewa gyaran nan ba daga sama ya faɗo ba, yana cikin kuɗin mudun. Saboda haka tambayarmu ɗaya ce tak: tikitin da ake kira kyauta, wa ya biya shi?

Bari mu ɗan waiwaya. A 1950 aka fito da katin Diners Club a birnin New York, domin 'yan kasuwa su ci abinci a biya daga baya. A 1958 Bank of America ya aika wa mutanen garin Fresno kati wajen 60,000 ta gidan waya ba tare da sun nema ba, wannan katin ne daga baya ya zama Visa. A 1981 kamfanin jiragen American Airlines ya fara ba fasinjojinsa maki gwargwadon nisan tafiyarsu. Ba a daɗe ba bankuna da kamfanonin jirage suka gane cewa in suka ɗaura wa bashi da maki aure, za a haifi ɗa mai albarka. American Express ya fitar da katinsa na Platinum a 1984, kuɗin riƙe shi dala 250 a shekara. A 2016 bankin Chase ya fitar da Sapphire Reserve, na ƙarfe, dala 450 a shekara, da alkawarin maki 100,000 ga wanda ya kashe dala 4,000 cikin wata uku. Matasa suka yi masa caa, har ƙarfen buga katin ya ƙare aka riƙa aika musu na roba na wucin gadi. A 2025 kuɗin shekarar Sapphire Reserve ya kai dala 795, na Platinum kuma dala 895.

Ku tsaya a kan wannan adadi na ƙarshe. In aka lissafa dala a kan naira 1,500, wato kusan yadda ta tsaya a 2025, dala 895 ta haura naira miliyan ɗaya da dubu ɗari uku. Mafi ƙarancin albashi da aka sa wa hannu a Nijeriya a 2024 naira 70,000 ne. Ke nan abin da ake biya don kawai kati ya zauna a aljihu shekara guda ya fi albashin ƙaramin ma'aikaci na shekara ɗaya da rabi. Duk da haka kuɗin shekarar nan ba shi ne abin da ya fi damunmu ba, domin wanda ya biya shi ya san ya biya. Abin da ya dame mu shi ne kuɗin da waɗansu ke biya ba su sani ba.

Ga yadda abin yake. Duk lokacin da aka sayi kaya da katin bashi a Amurka, mai kanti ba ya karɓar kuɗinsa cif. Ana cire masa la'ada, galibi tsakanin kashi 2 zuwa 3 cikin ɗari, mafi yawanta kuma tana tafiya ga bankin da ya ba da katin. Girman kati, girman la'ada: katin manya ya fi na talaka cin mai kanti. Shekara da shekaru kuma ƙa'idar Visa da Mastercard ita ce, in ka yarda ka karɓi katinsu na bashi to ka karɓi kowane iri, ba ka da ikon ka ce wannan ya yi maka tsada. To me mai kanti zai yi? Sai ya ɗora la'adar a kan farashin kaya. Burodi ya ƙara kuɗi, madara ta ƙara, man fetur ya ƙara, ga kowa da kowa. Mai babban kati ya biya ƙarin, amma banki ya mayar masa da shi ta hanyar maki. Matar da ta zo da tsabar kuɗi a hannu, wadda banki bai ga ta cancanci kati ba, ita ma ta biya ƙarin, ba wanda ya mayar mata da ko anini.

Wannan ba zargin 'yan gurguzu ba ne, kada a ce mun fara halinmu. A 2010 masana tattalin arziki na Babban Bankin Amurka reshen Boston suka yi lissafi, suka ce a matsakaici kowane gida mai sayayya da tsabar kuɗi yana miƙa wa masu kati dala 149 a shekara, kowane gida mai kati kuma yana karɓar dala 1,133. A 2023 wani binciken da aka buga a ƙarƙashin Babban Bankin ya ƙiyasta cewa katunan maki suna kwashe kimanin dala biliyan 15 kowace shekara daga masu ƙaramin ilmi zuwa masu babban ilmi, daga unguwannin matalauta zuwa na masu hali. Kura da shan bugu, gardi da karɓar kuɗi.

Akwai kuma rijiya ta biyu da ake ɗebo makin, ita ce kuɗin ruwa. A 2023 bashin katuna da ke kan Amurkawa ya haura dala tiriliyan 1, kuɗin ruwansa kuma ya wuce kashi 20 cikin ɗari a shekara. Mu yi ɗan lissafi irin na aji ɗaya. A ce saurayi ya kashe dala 5,000 da kati, aka ba shi makin da darajarsu ta kai kashi 2 cikin ɗari, wato dala 100. In ya kasa biya ya bar bashin ya shekara, kuɗin ruwa kaɗai zai ci masa dala 1,000 ko fiye. An ba shi ɗari da dama, an karɓe dubu da hagu, shi kuma yana ta ɗaukar hoto. Mafi yawanmu tun muna makarantar allo aka gaya mana hukuncin riba, ba sai mun maimaita ba. Abin da muke so a lura shi ne ko wanda bai damu da hukuncin ba, lissafin ma bai goyi bayansa ba. Binciken nan na 2023 ya nuna wani abu da ya kamata ya tsorata duk mai sabon albashi: waɗanda suka fi kowa asara su ne masu samun kuɗi da yawa amma ba su iya riƙon bashi ba. Kati mai ƙyalli yana sa mutum ya kashe abin da bai yi niyya ba, don ya cika adadin da aka gindaya masa kafin wata uku su cika.

Mun san amsar da masu wa'azin za su ba mu, kuma ba za mu ɓoye ta ba. Za su ce su ba sa barin bashi ya kwana, duk ƙarshen wata suna biya tas, ba su taɓa ba banki ko sisin kuɗin ruwa ba, kuma da gaske suna hawa jirgi da maki. Mun yarda. Akwai irinsu, kuma suna cin riba. Amma wannan amsa ba ta wanke tsarin ba, ita ce ma shaidar da muke nema. In kai ba ka biya ba, bankin kuma bai yi asara ba, kamfanin jirgi ma an biya shi, to wani ya biya. Wayonka ya tsaya ne a kan cewa ka samu wurin zama a ɓangaren da ake zuba wa, ba ɓangaren da ake ɗiba ba. Mutum yana iya zama a can, amma kada ya kira shi hikima, balle ya raina wanda ke ɗauke da shi.

Wanda ke shakkar cewa la'adar mai kanti ita ce uwar maki, ya dubi Turai. A 2015 Tarayyar Turai ta ƙayyade la'adar da bankuna ke karɓa a kan katin bashi na jama'a, ta ce kada ta wuce kashi 0.3 cikin ɗari. Nan da nan kyaututtukan katuna suka rame a can. Ostareliya ta riga su tun 2003. A Amurka kuwa dokar 2010 ta taɓa la'adar katin cire kuɗi ne kawai, ta bar na bashi yana kiwo. A 2018 Kotun Ƙolin ƙasar, da rinjayen alƙalai biyar a kan huɗu, ta yarda American Express ya ci gaba da hana masu kanti su ce wa mai saye ya yi amfani da wani kati mai sauƙin la'ada. Da sanatoci Dick Durbin da Roger Marshall suka kawo ƙudurin sa gasa a harkar a 2022, manyan kamfanonin jirage suna cikin waɗanda suka fi kowa ɗaga murya, suna gargaɗin jama'a cewa za a kashe musu maki.

Me ya haɗa kamfanin jirgi da dokar banki? Abinci ne ya haɗa su. Kamfanin jirgi shi ke ƙirƙiro makin daga babu, ya sayar wa banki da kuɗi tsaba, banki ya raba wa masu kati. Kamfanin Delta ya karɓi kimanin dala biliyan 6.8 daga American Express a 2023 kaɗai. A 2020, da annobar korona ta ajiye jirage a ƙasa, kamfanin United ya nemi rance, abin da ya ba da jingina kuwa shi ne shirinsa na maki, wanda aka yi wa kuɗi kusan dala biliyan 22, alhali kamfanin gaba ɗayansa a kasuwar hannun jari bai kai haka ba a lokacin. Wato a idon masu ba da rance, littafin maki ya fi jiragen daraja.

Mu da muka ga abin da ya sami naira ba ma bukatar malami ya koya mana abin da ke faruwa ga kuɗin da mutum ɗaya ke bugawa shi kuma ke yanke masa daraja. Maki ma kuɗi ne, sai dai ba majalisa, ba gwamnan banki da za a kira ya yi bayani. A 2015 Delta ya cire jadawalin da ke nuna maki nawa ke sayen wace tafiya, United ya bi sahu a 2019. Tun daga nan farashin tikiti da maki ya zama abin da kamfani ya ga dama ranar da ka zo. Wanda ya shekara uku yana tari domin ya kai mahaifiyarsa wata ƙasa yana iya wayar gari ya tarar tarin nasa ya zama rabin tafiya. Abin ya kai har Ma'aikatar Sufuri ta Amurka ta buɗe bincike a kan shirye-shiryen maki na manyan kamfanoni huɗu a 2024. Ɗakin hutawar ma da ake yi mana fankama da shi, da aka sayar wa kowa da mabuɗinsa sai ya cika, aka koma bin layi a ƙofa, har Delta ya sanar a 2023 cewa zai ƙayyade yawan shigar masu kati. An sayar wa mutane fifiko, da suka yi yawa aka ƙirƙiro wani fifikon a samansa. (Ba mu ma taɓo zancen biza ba, wadda maki miliyan ba sa saya wa mai koren fasfo.)

Wani zai ce, ina ruwan ɗalibin da ke lissafin kuɗin garin kwaki da rigimar Amurkawa? A nan gida yawancinmu katin cire kuɗi muke riƙewa, mai POS kuma in zai cire naira ɗari ko ɗari biyu yakan faɗa maka a fuska, wanda a wannan fanni ya fi manyan bankunan duniya gaskiya. Amma abin yana tafe. Bankunanmu sun riga sun koyi raba katuna aji-aji, da sunayen zinariya da alkawarin ɗakin hutawa a filin jirgi. A 2024 gwamnatin tarayya ta kafa hukumar CREDICORP domin yaɗa sayen kaya bashi tsakanin ma'aikata. Ba mu ce bashi haramiyar hanya ce ga malamin makarantar da ke son babur ko firji ba. Mun ce in kasuwar bashi ta buɗe, masu sayar da ƙyalli za su shigo tare da ita, kuma farkon wanda za su nema shi ne matashin da ya karɓi albashinsa na fari yana son a san ya iso.

Cikin masu karanta wannan mujalla akwai waɗanda nan da 'yan shekaru za su zauna a teburan Babban Bankin Nijeriya, da Ma'aikatar Kuɗi, da hukumar kare haƙƙin masu saye. Takardar ƙa'idojin katunan bashi za ta biyo ta gabansu. Abin da muke nema a wurinsu shi ne su sa wa la'adar da ake cire wa mai kanti iyaka tun kafin bankuna su saba da cinta, su bar mai kanti ya ƙi katin da ya yi masa tsada ko ya rage wa mai tsabar kuɗi farashi, su kuma tilasta a rubuta kuɗin ruwa na shekara da manyan baƙaƙe a gaban takardar neman kati, da Hausa da sauran harsunanmu, a sama da hoton jirgin.