Sharhi: Idan Inji Ya Ci Hannun Ma'aikaci, Wa Zai Riƙe Masa Gurbinsa?

Sharhinmu na yau a kan ma'aikacin da ya ji rauni a bakin aiki ne, da kuma makomar gurbinsa yayin da yake kwance yana jinya.

Duk wanda ya san fadamar Haɗeja shekaru ashirin da suka wuce, idan ya zagaya ta yau zai ga aiki ya sake kama. Daga Auyo zuwa Kafin Hausa, daga Malam Madori zuwa Guri da Kiri Kasamma, noman rani ya zama babbar sana'a, musamman tun bayan gyaran aikin ban ruwa na kwarin Haɗeja, wanda marigayi Shugaba Muhammadu Buhari ya ƙaddamar a Auyo a farkon 2023. Shinkafa da alkama sun kawo kuɗi, kuɗi kuma ya kawo injuna: na ban ruwa, na sussuka, na casa, da taraktoci da manyan motocin dako. Wannan alheri ne, muna godiya ga Allah. Sai dai raunin da fartanya da lauje ke yi daban, wanda inji ke yi daban.

Ku leƙa wurin casar shinkafa a lokacin kaka. Bel yana gudu a fili babu murfi, ƙura ta turnuƙe, ƙara ta hana kowa jin maganar wani. Idan shinkafa ta toshe a bakin inji, sau da yawa yaron da ke kai ba ya kashewa, domin masu buhuna sun yi layi kuma kowa na sauri. Sai ya zura hannu ya tura. Hannun riga ɗaya ya isa bel ya fizge shi. A waje kuma ga 'yan dako suna hawa katako da buhu a kafaɗa zuwa bayan tirela, santsi kaɗan sai karayar ƙugu ko ciwon bayan da ba ya barin mutum har abada. Can cikin gona ga mai feshi yana tafe da tankin magani a baya, babu takunkumi, babu safar hannu, iska tana mayar masa da maganin a fuska.

Idan tsautsayi ya auku, mun san yadda ake yi. A ɗauki yaro a kai shi Babban Asibitin Haɗeja ko wurin mai ɗori. Idan abin ya yi tsanani a wuce da shi Asibitin Ƙashi na Dala a Kano. Gaskiya ce, da yawa daga cikin masu injuna suna biyan kuɗin maganin farko, suna zuwa dubiya, su ajiye ɗan abin da ya sawwaƙa, su ce, "Ka kwanta ka huta, in ka warke ka dawo." Amma inji ba ya jiran mara lafiya. Washegari an sa wani a kai. Bayan wata biyu ko uku, yaro ya dawo yana ɗingishi ko da yatsu uku a hannu, sai a ce masa ya yi haƙuri tukuna sai an sami gurbi. Daga nan magana ta mutu. Ya rasa lafiya, ya rasa abin yi, ga iyali a gida.

To me doka ta ce? A watan Disamba na 2010 Shugaba Goodluck Jonathan ya sa hannu a kan Dokar Biyan Diyyar Ma'aikata, wadda ta maye gurbin tsohuwar dokar 1987. Dokar ta kafa asusun biyan diyya, Hukumar NSITF ce kuma ke kula da shi. Kowane mai ɗaukar ma'aikata zai riƙa zuba aƙalla kashi 1 cikin 100 na jimillar albashin da yake biya a wata, kuma haramun ne ya cire wannan kuɗi daga albashin ma'aikaci. Idan aka ji rauni, ma'aikaci ko iyalinsa za su sanar da maigida cikin kwana 14, shi kuma maigida ya kai rahoto ga hukumar cikin kwana 7. Ana neman diyya cikin shekara ɗaya, sai dai in akwai uzuri na musamman, wanda zai iya kai wa'adin shekara uku. Asusun na iya ɗaukar nauyin magani da tiyata da sandar dogarawa da hannu ko ƙafar roba. Wanda ya nakasa gaba ɗaya har ba zai sake iya aiki ba, dokar ta tanadar masa kashi 90 cikin 100 na albashinsa duk wata. Hatsarin da ya sami mutum a hanyarsa ta zuwa aiki ko komawa gida ma yana ciki.

Abu mafi muhimmanci ga mutanenmu shi ne wanda dokar ta kira ma'aikaci. Ba ta tsaya ga mai takardar ɗaukar aiki da lambar fayil ba. Ta haɗa da wanda aka ɗauka da baki, da na wucin gadi, da ɗan ƙwadagon yini, da mai koyon sana'a, har da ɗan aikin gida wanda ba ɗan gidan ba ne. Ma'ana, yaron injin casa a Haɗeja da mai gadin rumbun hatsi a Birniwa duk suna ciki. Haka kuma dokar ta ce duk yarjejeniyar da aka yi da ma'aikaci cewa ya yafe diyyarsa, ba ta da inganci.

Wannan doka ce mai kyau, kuma ya kamata kowa ya san da ita. Amma akwai giɓi babba a tsakiyarta. Ta yi bayanin kuɗi dalla-dalla, ba ta fito fili ta ce a riƙe wa mai rauni gurbinsa har ya warke ba. Idan muka koma Dokar Ƙwadago ta 1974, abin da za mu tarar shi ne hutun rashin lafiya na kwana 12 na aiki a shekara, da albashi, in likita ya ba da takarda. Kwana 12! Duk wanda ya taɓa jinyar karaya ya san ƙashin babban mutum yakan ɗauki mako shida ko fiye kafin ya kama, na cinya kuwa sai a yi watanni. Wannan doka kuma ita ce ta ba maigida damar sallamar ma'aikaci da sanarwar kwana ɗaya in bai wuce wata uku yana aiki ba, mako ɗaya in bai kai shekara biyu ba, mako biyu har zuwa shekara biyar, sannan wata ɗaya ga wanda ya kai shekara biyar ko fiye. Kun ga ke nan mutum na iya kasancewa kwance a gadon asibiti a Dala, filasta bai ma bushe ba, wa'adin sallamarsa ya cika.

Abin da ya fi ɗaure kai shi ne masu rubuta dokar sun san yadda ake kare gurbi, domin sun yi wa mai juna biyu. Sashe na 54 ya ba ta mako shida kafin haihuwa da mako shida bayanta, ya kuma hana a ba ta takardar sallama a lokacin da take wannan hutu. Haka ya dace, babu mai ja. Tambayata ita ce: me ya hana a yi irin wannan tanadi ga mutumin da aikin da kansa ne ya kwantar da shi?

Wasu ƙasashe sun toshe wannan ɓaraka. A Faransa, muddin ma'aikaci yana jinyar raunin da ya samu a bakin aiki, kwantiraginsa yana tsayawa ne kawai, kuma ba a sallamarsa sai in ya aikata babban laifi ko akwai dalilin da bai shafi raunin ba wanda ya sa ci gaba da aikin ba zai yiwu ba. Maƙwabtanmu na Nijar ma, dokar ƙwadagonsu ta ɗauki lokacin jinyar hatsarin aiki a matsayin dakatar da kwantiragi, ba yanke shi ba. A Amurka akwai dokar 1993 da ta ba ma'aikaci hutun jinya har mako 12 a shekara, ba albashi amma gurbinsa na nan, kuma wannan hutu na iya tafiya tare da karɓar diyyar rauni. Ita ma tana da nata gazawar, domin a kamfanoni masu zaman kansu ta shafi masu ma'aikata 50 ko fiye ne kawai. Ban kawo waɗannan don a kwafo su yadda suke ba. Na kawo su ne don a ga cewa diyya abu ɗaya ce, riƙe gurbi abu ne na biyu, kuma ana bukatar su tare.

Dalili kuwa shi ne rashin na biyun yana kashe na farkon. Ku sa kanku a matsayin wannan yaro. An gaya masa yana da haƙƙin diyya, amma hanyar samunta ta bi ta hannun maigidansa, wanda shi zai kai rahoto, wanda kuma wataƙila bai taɓa yin rajista da hukumar ba. In yaro ya tayar da maganar, zai zama mai tona asiri, mai butulci ga wanda ya kai shi asibiti. Shi kuma abin da yake fata shi ne a mayar da shi aiki. Saboda haka sai ya yi shiru, iyayensa ma su ce masa ya bar wa Allah, ƙaddara ce. Babu musulmin da ke musun ƙaddara. Amma addinin da ya koya mana imani da ita shi ne ya shar'anta diyyar gaɓoɓi, ya kuma tsananta a kan haƙƙin ɗan ƙwadago. Tawakkali bai taɓa zama hujjar tauye haƙƙin wani ba.

Dole mu yi wa masu injuna adalci. Mai injin casa ɗaya da yara biyar ba kamfani ba ne. Kakarsa 'yan watanni ce, man dizal ya yi tsada, wani ma bashi ya ci ya sayi injin. Ba zai iya rufe wuri don mutum ɗaya ya kwanta ba, ba kuma zai iya biyan albashin mutum biyu a kan aiki ɗaya na wata da watanni ba. Amma ai don haka aka kafa asusun: kowa ya zuba kaɗan tun lafiya lau, ranar tsautsayi asusu ya ɗauki nauyin. Wanda jimillar albashin yaransa ta kai naira 300,000 a wata, naira 3,000 ce rabonsa. Ba a fafe gora ranar tafiya. Idan asusu ya ɗauki magani da diyya, abin da ya rage wa maigida bai fi ƙarfinsa ba: ya gaya wa wanda ya shigo cewa riƙon ƙwarya yake yi, ya kuma karɓi yaronsa idan ya dawo. In hannun ba zai iya inji ba, akwai awo, akwai ɗinkin buhu, akwai rubuta lissafin buhuna, akwai gadi.

Wannan ma ba baƙon abu ba ne a wurinmu. A tsarin sana'o'inmu na gado, yaron maƙeri ko na masunci idan ya ji ciwo ba a korarsa, yana ci a gidan ubangidansa har ya miƙe, kuma abin kunya ne a ji an yi akasin haka. Abin da ya faru shi ne aikin kuɗi ya shigo, wancan zumunci ya yi rauni, doka kuma ba ta ƙaraso ta cike wurin ba.

Saboda haka kira na farko ga 'yan majalisar tarayya da ke wakiltar Jigawa ne, domin sha'anin ƙwadago a hannun tarayya yake. A nemi gyaran doka yadda zai zama ba a sallamar wanda ke jinyar raunin aiki har zuwa wani wa'adi da aka ƙayyade bisa shaidar likita, a kuma wajabta ba shi aikin da jikinsa zai iya in ya dawo. Hukumar NSITF kuma ta fito daga ofis ta shigo kasuwa da gona, ta yi bayani da Hausa, ta sauƙaƙa rajista ta hannun ƙungiyoyin masu casa da na 'yan dako da na direbobi. Ita ma sai ta nuna wa jama'a cewa wanda ya nema yana samu a kan lokaci, domin babu mai zuba kuɗi a inda bai ga ana fitarwa ba.

Amma ba sai an jira Abuja ba. Shugabannin ƙungiyoyin sana'a a ƙananan hukumomi takwas na masarautar Haɗeja za su iya zama da hakimai da dagatai da limamai su tsayar da ƙa'ida a tsakaninsu: a rufe bel, a kashe inji kafin a sa hannu, wanda ya ji rauni kuma gurbinsa na nan. Gwamnatin jiha na iya sa wannan cikin sharuɗɗan duk kwangilar da take bayarwa da duk tallafin injunan da take rabawa.

Kai kuma ɗan'uwa ma'aikaci, in tsautsayi ya same ka, ko da wurin mai ɗori za ka ƙare, ka fara zuwa asibiti a rubuta maka takarda mai kwanan wata, domin da ita za ka kafa hujja. Ka sanar da maigidanka a gaban shaidu kafin kwana 14 su cika, ka adana rasit na kowane magani. In aka sallame ka kana jinya, ka kai kuka ga ƙungiyarku ko ofishin ma'aikatar ƙwadago ta tarayya. In abin ya faskara, Kotun Ma'aikata ta Ƙasa, wadda gyaran tsarin mulki na 2010 ya ba hurumin shari'o'in aiki, tana da reshe a Kano.