Kafin ka biya kuɗin haibirid, ka duba bayan kifin

Yanzu a Romi da Sabon Tasha duk wanda ya kafa tamfol biyu a bayan gida ya fara sayar da 'ya'yan kifi, kuma kowa cewa yake nasa haibirid ne. A ganina sabon manomi bai kamata ya ƙara ko kwabo a kan wannan kalmar ba sai ya gani da idonsa.

Haibirid na gaskiya ruwa biyu ne, tarwada da ramboshi aka haɗa. To ga inda ake gane su. Tarwada fiffikenta na gadon baya guda ɗaya ne, dogo, tun daga bayan kai har kusa da wutsiya. Ramboshi nasa biyu ne: na gaba, sannan na baya wanda tsoka ce mai taushi, babba. Shi kuwa haibirid tsakiya ya faɗo. Fiffiken gaba ya fi na ramboshi tsawo, sai 'yar ƙaramar tsoka kafin wutsiya. In ba ka ga wannan tsokar ba, malam, tarwada ce aka miƙo maka, ko me mai kifin ya rantse da shi. Masu kiwon kifin ado a Turai ma da bayan kifi suke aiki, ƙayoyin bayan gartsa suke ƙirgawa kafin su yarda da irinta.

Matsalar ita ce a kan 'yan ƙanana abin ba ya fitowa sosai. Shi ya sa na fi son mai farawa ya sayi wanda ya ɗan tasa, kamar tsawon ɗan yatsa. Ɗebo guda goma daga wurare daban-daban a cikin tankin, zuba a farar roba, fito da su rana ka duba ɗaya bayan ɗaya. Sannan ka ce a nuna maka iyayen. Ramboshi ba ya balaga da wuri kamar tarwada, riƙe shi yana cin kuɗi, don haka wanda bai da shi a gonarsa, daga ina ya samo haibirid ɗin?

Wani abu kuma, ba kowa ne ma yake bukatarsa ba. Haibirid ribarsa tana ga mai iya ciyarwa watanni da yawa har kifi ya yi manya. Kuma akwai shi da cin 'yan'uwansa, in ba ka ware manya daga ƙanana a kai a kai ba, za ka zuba 1,000 ka kwashe abin da zai ba ka mamaki. In kasuwarka masu banda ne da masu farfesu, kuma kuɗin abincinka na wata 4 ne kacal, tarwada mai kyau ta ishe ka.

Kuma don Allah kar wanda ya ajiye haibirid a matsayin uwar ƙyanƙyasa. 'Ya'yan ba sa fitowa iri ɗaya, wani ya ɗauko nan wani ya ɗauko can.

Wanda ya riga ya saya yana shakka, ya ɗauki hoton kifin ta gefe, wutsiya ta fito sosai, ya turo mu duba tare.